Tsadar jinya a Zamfara: Yadda kuɗin asibiti ke shafar rayuwar marasa ƙarfi a Gusau, Tsafe da Bungudu

A yawancin gidajen Jihar Zamfara, idan rashin lafiya ya kama wani, kafin a yanke shawarar asibitin da za a kai shi sai an fara lissafin abin da ke aljihu da abin da ya rage a rumbu. Wannan lissafi ne ke tantance ranar da majinyaci zai ga likita, da irin maganin da zai sha, da ko zai kammala shi. Ga bayani kan girman matsalar, da tushenta, da illolinta, da kuma haƙƙoƙin da doka ta ba mara lafiya, musamman a Gusau, babban birnin jihar, da ƙananan hukumomin Tsafe da Bungudu da ke maƙwabtaka da ita.

Girman matsalar

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a suke fitowa kai tsaye, a daidai lokacin da ciwo ya zo. Wannan adadi na cikin mafiya yawa a duniya.

Nauyin ya fi tsanani a inda samu ya yi ƙaranci. A rahoton talauci na 2019, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya ma'aunin talauci a kan N137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kimanin N376 a rana. Bisa wannan ma'auni, kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya matalauta ne, amma a Zamfara adadin ya kusa kashi 74. Ma'ana, kusan mutum uku cikin huɗu a jihar ba su kai wannan ɗan ma'auni ba tun kafin hauhawar farashin shekarun baya-bayan nan.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya tambayi mata abin da ke hana su zuwa asibiti. Kimanin kashi 46 cikin 100 sun ambaci rashin kuɗin magani, kuma wannan ne dalilin da ya fi kowane yawa, har ya zarce nisan asibiti.

Masana suna da ma'aunin gane lokacin da jinya ta fi ƙarfin gida. A ma'aunin da muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi amfani da shi har zuwa 2025, idan kuɗin lafiya ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da gida ke kashewa, ana ɗaukarsa a matsayin kashe kuɗi mai durƙusar da iyali. Gidan da ke rayuwa a kan N100,000 a wata ya ƙetare wannan iyaka da zarar jinya ta ci fiye da N10,000.

Matakan neman magani

Asibitocin gwamnati hawa uku ne. A ƙasa akwai ɗakunan shan magani da cibiyoyin lafiya matakin farko na mazaɓu, waɗanda jama'a ke kira sha-ka-tafi. A tsakiya akwai manyan asibitocin jiha, irin su Babban Asibitin Tsafe, da na Bungudu, da na Gusau. A sama kuma akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, dukansu a Gusau. A birnin kuma akwai Asibitin Mata da Yara na Sarki Fahad. Abin da ya gagara a Gusau akan tura shi asibitocin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano a Kano.

Duk hawan da aka ƙara, kuɗi na ƙaruwa. Mutumin Kwatarkwashi ko wani ƙauye na Bungudu yana kusa da Gusau, amma na ƙauyukan da ke can cikin Tsafe sai ya biya ɗan acaɓa zuwa bakin titi, sannan ya biya mota a hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Ga shi kuma ba a tafiya asibiti da majinyaci shi kaɗai, dole a biya wa mai jinya.

Abin da ake biya

Kuɗin da ke rubuce a kan rasit wani ɓangare ne kawai na abin da jinya ke ci. A cikin asibiti akwai kuɗin kati, da gwajin jini da fitsari, da hoto, da gado, da magani. Ga mai haihuwa ko wanda za a yi wa tiyata, sau da yawa akan ba dangi jerin kayan da za su sayo, kamar safar hannu, da auduga, da sirinji, da ledar ƙarin ruwa. Idan ana buƙatar jini, ko da ɗan'uwa ne ya bayar, akwai kuɗin leda da na tantancewa. Idan maganin da likita ya rubuta babu shi a kantin asibiti, sai a fita waje a saya da farashin kasuwa.

A wajen asibiti kuma akwai kuɗin mota, da abincin majinyaci da na masu jinya, da wurin kwana. Sannan akwai asarar da ba a gani a rasit. Ɗan kasuwar da ya rufe shago mako guda ya rasa cinikin mako guda, leburan da bai fita ba bai samu na cefane ba, manomin da jinya ta riƙe shi a lokacin noman farko kuwa ciyawa ba ta jiransa. Wannan ya fi ciwo domin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa ke ƙamari, ita ce lokacin da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba.

Yadda aka zo nan

Biyan kuɗi a asibitin gwamnati ya yaɗu ne a shekarun 1980, bayan faɗuwar farashin man fetur da kuma tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986. A 1987, ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya tanadi a riƙa sayar da magani a ƙananan asibitoci, a juya kuɗin wajen sayo wani. Manufar ita ce kada kanti ya zama fanko, amma tsarin ya bar wanda ba shi da ko sisi a bakin ƙofa.

A watan Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kaiwa wannan mataki ba, yawancin shekaru yana yawo ne a kusa da kashi 5.

Daga 2023 lamarin ya ƙara ta'azzara. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, aka saki darajar Naira a watan Yuni, sai kuɗin mota da farashin magungunan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. A watan Agustan shekarar kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Najeriya, Sanofi ma ya bi sahu a watan Nuwamba. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin ɗauke haraji daga kayan haɗa magunguna na tsawon shekara biyu, domin rage tsadar.

Illar farko: jinkiri

Abu na farko da rashin kuɗi ke haifarwa shi ne jira. Yaro ya yi zazzaɓi, sai a jiƙa masa saiwa, a ga yadda zai kwana. Idan bai sauka ba, a je kemis a ce a haɗa magani na gwargwadon kuɗin da ke hannu. Sai ya fara suma ko idanunsa sun yi fari saboda ƙarancin jini, sannan a nemi mota. Zazzaɓin da kwana uku na ingantaccen magani zai kawar, ya koma mai buƙatar gado da ƙarin jini, kuɗinsa ya ninka, hatsarinsa ya ƙaru. Najeriya ce ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma ƙananan yara ne suka fi mutuwa.

Masu kemis su ne likitocin farko ga ɗimbin jama'a, domin suna kusa, ba sa karɓar kuɗin kati, kuma suna ba da bashi. Sai dai lasisinsu bai ba su ikon yin allura ko ƙarin ruwa ko sayar da magungunan da sai likita ya rubuta ba. Sayen rabin magani, musamman na kashe ƙwayoyin cuta, yana sa cutar ta lafa ta dawo da ƙarfi, har ta daina jin maganin. Neman araha kuma shi ke buɗe wa jabun magani kasuwa.

Illar ga mata masu juna biyu

Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a faɗin ƙasa, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16 ne. Al'ada da nisa suna da nasu rabon, amma fargabar jerin kayan haihuwa da kuɗin tiyata na daga cikin manyan dalilai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar duniya.

Masana sun kasa jinkirin da ke kashe mai naƙuda gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kuɗi na da hannu a kowane. Maigida yana zagayen neman rance, direba yana tsawwala farashi da dare, a asibiti kuma ana jiran a sayo kayan aiki. Zubar jini bayan haihuwa na iya hallaka mace cikin sa'o'i kaɗan. Doguwar naƙuda kuwa, ko mace ta tsira, tana iya barinta da yoyon fitsari, lalurar da ke raba mata da dama da aurensu da sana'arsu.

Illar ga masu doguwar jinya

Hawan jini, da ciwon suga, da amosanin jini, da farfaɗiya, da ciwon ƙoda ba su da ranar sallama. Maganinsu na kowane wata ne, don haka talaka kan saya idan ya samu, ya bari idan babu. Hawan jini ba ya cika nuna alama, sai mai shi ya ɗauka ya warke, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda ta bayyana. Wankin ƙoda ana buƙatarsa sau biyu ko uku a mako, abin da ko ma'aikaci mai albashi ba ya iya ɗauka na tsawon lokaci, balle mai mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a 2024.

Illar ga dukiya da zuciya

Idan ciwo ya yi tsanani, gida kan bi matakai sanannu. Ana fara taɓa ajiya da kuɗin adashi, a sayar da kaji da awaki, waɗanda galibi dukiyar mata ce. Daga nan a fitar da hatsin ci, a karya jari, a ci bashi a kan amfanin gonar da ba a girbe ba, a ƙarshe a jinginar da gona ko a sayar da fili. Kowane mataki yana rage abin da gidan zai samu a gaba. Ana iya warkewa daga ciwon a wata ɗaya, a shekara ana biyan bashinsa, yara su bar makaranta, abinci ya ragu, wani ciwon ya samu ƙofa.

Akwai kuma nauyin zuciya. Dattijo kan ɓoye ciwonsa don kada ya ɗora wa 'ya'yansa nauyi. Mace kan danne nata saboda ta san halin da maigida ke ciki. Magidancin da aka miƙa wa takardar magani ya kasa saya yana komawa gida da kunya da damuwa, wasu kuma kan sa hannu su ɗauke majinyacinsu kafin likita ya sallame shi. Zumunci ma yana jin jiki, domin ma'aikaci ko ɗan kasuwa ɗaya a Gusau kan zama asusun lafiya na dangi guda.

Rashin tsaro ya ƙara nauyi

Hare-haren 'yan bindiga sun taɓa ɓangarorin biyu na lissafin, sun rage samu, sun ƙara tsada. Manoma da yawa a yankunan Tsafe da Bungudu sun rasa damar zuwa gonakinsu na nesa, wasu garuruwan an ɗora musu haraji, wasu iyalan kuɗin fansa ya cinye abin da suka mallaka. Ma'aikatan lafiya suna ƙauracewa ƙauyukan da ke da hatsari, ƙananan asibitoci da dama sun rufe ko suna aiki rabi da rabi. Tafiyar dare a hanyar Gusau zuwa Tsafe ta zama kasada, alhali naƙuda da suman yaro ba su san dare ba. A watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar aka kuma rufe kasuwannin mako, kiran mota da sayar da dabba don biyan magani duk sun yi wuya.

Zamfara ta ga abin da jinya kyauta ke iya yi. A annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubban yara magani ba tare da karɓar ko kwabo ba, kuma mace-macen suka ragu ƙwarai. A 2024 ƙungiyar ta sanar da cewa gwajin da aka yi a Shinkafi da Zurmi ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. A farkon shekarar ce kuma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, aka shiga gyaran manyan asibitocin jihar.

Abin da doka ta tanada

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili. Hukuncin saɓawa shi ne tarar N100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba.

Dokar 2014 ce kuma ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma aka fara sa shi a kasafin 2018. A yadda dokar ta raba shi, rabi na biyan kuɗin jinyar marasa ƙarfi ne ta hanyar inshora, kashi 45 na magani da gyaran cibiyoyi da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Burin shi ne a samu aƙalla cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, kuma Zamfara na da mazaɓu 147.

Akwai ayyukan da ake yi kyauta a asibitocin gwamnati: rigakafin yara, da maganin tarin fuka, da maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Da damina kuma ana bi gida-gida ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya a wata. A watan Nuwambar 2024, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da yin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Da yawa daga cikin waɗannan shirye-shirye sun dogara da tallafin ƙasashen waje, wanda ya ragu bayan Amurka ta dakatar da agajinta a farkon 2025.

Inshora da taimakekeniya

An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005, kuma ma'aikatan tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, mai rajista kuma ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu miliyan 83. Duk da haka, masu rajista a faɗin ƙasa kimanin miliyan 20 ne zuwa 2025, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200.

A matakin jiha akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta ZAMCHEMA, wadda ta hannunta ake yi wa ma'aikatan jiha da masu sana'ar kansu da marasa ƙarfi rajista. Akwai kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar, wadda taimaka wa marasa lafiya ke cikin ayyukanta. Ƙalubalen tsarin shi ne yawancin mutanen Zamfara manoma ne da 'yan kasuwa, ba su da albashin da za a cira daga tushe, kuma iyalin da ke da mata fiye da ɗaya da 'ya'ya da yawa ya zarce adadin da rajista ɗaya ke ɗauka.

Darasi daga maƙwabta

Tun 2006 Jamhuriyar Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da na tiyatar haihuwa. Zuwa asibiti ya ƙaru sosai, har a jihar Maraɗi da ke iyaka da Zamfara, amma jinkirin gwamnati wajen biyan asibitoci ya sa kantuna suka riƙa ƙarewa da magani. Ghana kuwa ta kafa inshorarta a 2003, ta ɗora ta a kan harajin kashi 2.5 cikin 100 na kayan saye, don kada nauyin ya tsaya a kan masu albashi kaɗai. Abin da misalan biyu suka nuna shi ne sanarwar kyauta tana aiki ne idan akwai tabbatacciyar hanyar kuɗi, kuma ana biyan asibiti a kan lokaci.

Abin da mai ɗaukar nauyin dangi zai iya yi

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ake bugo wa waya duk lokacin da wani ya kwanta, akwai matakan da ke rage asara. Ya bincika a ofishin ZAMCHEMA ko na NHIA a Gusau yadda zai yi wa iyaye da ƙarin iyalansa rajista tun suna da lafiya. Ya tambayi cibiyar lafiya ta mazaɓarsu ko tana cikin masu karɓar kuɗin asusun matakin farko, da yadda ake shigar da sunan marasa ƙarfi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi za su iya yin rajista a dunƙule, ko su ware wani kaso na adashi domin jinya. A asibiti, ya nemi rasit kan duk abin da ya biya, ya tambayi likita ko akwai irin maganin mai rahusa da ke da lambar NAFDAC, kuma idan kuɗi ya gagara ya nemi sashen walwalar marasa lafiya kafin ya yanke shawarar ɗauke majinyaci. Ga mai juna biyu, a fara awo da wuri, a tanadi kuɗin mota da lambar direba da wanda zai ba da jini tun kafin watan haihuwa ya kama.